Cikin Da Aka Ce Ya Kwanta

Edita, ina yi muku sallama tare da masu karatu, kuma ina roƙon a sakaya sunana. A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ni malamar firamare ce a wata makarantar 'yan mata da ke wajen Ƙofar Durɓi, cikin birnin Katsina. Shekaruna sun haura talatin da biyar, aurena ya haura goma, kuma ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Mace ce ni mai baki, mai ji da karatunta. Idan mata suka zauna a gidan suna ana labarin iska da sammu da saiwoyi, ni ce mai taɓe baki a gefe, har ake ce mini Baturiya. Ban damu ba, don a ganina yabo ne. Muna zaune a gidan gadon su maigidana a Ƙofar Kwaya, ni da shi da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Hajiya. Shi kaɗai Allah Ya bar mata cikin 'ya'yan da ta haifa. Dole in faɗi gaskiya a kanta tun daga farko, don kada wani ya karanta labarin nan ya zage ta. Tun da na shiga gidan ba ta taɓa yi mini gorin haihuwa ba. Idan baƙi suka tambaya, cewa take yi ni ɗiyarta ce. Idan wata ta soko zancen rashin haihuwa a gabana, ita ke kawar da maganar, wani lokaci ma ta kawar da mai maganar.

Ciwon ya fara da wani ɗan kullutu a nonon hagu, ba zafi ba ƙaiƙayi. Daga asibitin gari aka tura mu wani babban asibiti a Zariya, aka ce sankara ce, aka yanke nonon, aka bi ni da ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi da sa amai. Wannan duk Hajiya ta sani, ita ta yi jinyata, ita ke ɗaura mini ɗankwali a kan da babu gashi. Muka ɗauka an gama. Na koma aiki, gashi ya tsiro, al'ada ta dawo ko da yake ba bisa ƙa'ida ba. Bayan shekara da wani abu sai ciwon baya ya kama ni, irin wanda ba ya jin man zafi. Aka yi hoton ƙashi, likita ya zaunar da mu ni da maigidana, ya ce ciwon ya tsallaka zuwa ƙashin baya da na ƙugu. Ya ce ba zai yi mana ƙarya ba, a wannan matakin ba a maganar warkewa, ana maganar ɗaure ciwon ne ya daɗe bai motsa ba. Ya ce irin nawa yana samun abinci ne daga wani sinadari da jikin mace ke yi, wanda shi ke kawo al'ada da ɗaukar ciki, kuma akwai wata ƙaramar farar ƙwaya, tamoksifen, da ke shiga tsakanin ciwon da abincinsa. Ɗaya kullum, ba fashi, ba ranar gamawa. Ya gargaɗe ni cewa al'ada na iya ɗaukewa, zafi zai riƙa taso mini, kuma kada in yarda in yi ciki ina shan ta, domin tana yi wa ɗan tayi lahani. Idan na yi zargin wani abu in zo nan take. Na yi dariya a ofishinsa, na ce wannan gargaɗin ya ajiye wa wasu.

A mota muna dawowa, mun wuce Funtuwa, maigidana ya ce kada Hajiya ta ji. Tana da hawan jini, kuma ta riga ta yi sadakar godiya a kan na warke. Ni ma ban so a riƙa kallona da idon gawa ba. A garinmu wannan ciwon ko sunansa ba a son kira, sai a ce ciwon nan, a sassauta murya. Muka shirya cewa sanyin ƙashi ne, ƙwayar kuma ta ƙarin ƙarfi ce. Haka muka faɗa mata, ta ce Allah Ya ƙara sauƙi, ta tashi ta ɗora ruwan da za ta gasa mini baya.

Ƙwayar ta yi aikinta, ba zan ci amanarta ba. Cikin 'yan watanni ciwon bayan ya lafa, na koma tsayuwa a gaban allo, hoton da aka sake yi ya nuna ciwon yana nan inda aka bar shi. Amma wadda ba ta sha ta ba ba ta san abin da take yi wa mutum ba. Ina tsaka da koyar da lissafi sai in ji zafi ya taso daga ƙirji, ya haye wuya, ya mamaye fuska, gumi ya jiƙa ɗankwali, yara su tsaya suna kallona. Yana tafiya sanyi ya biyo baya, in kama rawar ɗari a cikin jiƙaƙƙiyar riga. Barci ya koma guntu-guntu, in tashi da safe kamar wadda ta wuni tana daka. Warin daddawa da na man ja na tayar mini da zuciya. Raina ya riƙa ɓaci ba dalili, in tsawata wa yarinya a kan abin da bai kai ya kawo ba, in koma ofis in yi kuka. Tsakanina da maigidana ma abin ya taɓa, ta hanyar da ba zan iya rubutawa a jarida ba, matan da ke shan ta sun gane. Jiki ya yi nauyi, zannuwa suka fara kasa zagayowa yadda suka saba. Sannan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, kamar yadda likita ya ce.

Azumin wannan shekarar a cikin sanyi ya faɗo. Na mayar da shan ƙwayar zuwa sahur, na yi azumin daga farko har ƙarshe ban sha azumi ko ɗaya ba. Namiji ba zai lura da wannan ba, amma a gidan da mata biyu ke girki a murhu ɗaya, suna jera sallar asham a tabarma ɗaya, babu yadda za a yi ya ɓoyu. Hajiya ta ga wata ya kama ya fita ban yi fashin salla ba. Ta ga kowa na ƙudundune cikin rigar sanyi, ni ina firfita da faifai. Ta ga ina toshe hanci idan an jefa daddawa a miya, ta ga ƙugu ya buɗe. Sai bayan salla da 'yan kwanaki na je rijiya zan ja ruwa, ta taho da saurin da ban san tana da shi ba, ta karɓe guga daga hannuna. Daga ranar ta hana ni shara, ta hana ni sunkuyawa wanki. Idan na taso daga makaranta sai in tarar da kunun tsamiya na jirana, da kwaɗon zogale, da ɗata a cikin faranti.

Da na gane inda ta dosa, na same ta a ɗakinta, na durƙusa na ce mata babu komai a jikina, maganin da nake sha ne ya ɗauke mini al'ada. Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, ta ce ashe 'yar boko ma ta san kunya, in tashi in tafi, ita ba ta tambaye ni komai ba. A wurinmu mai cikin fari ba ta amsawa, balle a gaban uwar miji. Musun da za ta yi shi ne shaidar tarbiyyarta. Saboda haka duk rantsuwar da na yi sai ta ƙara tabbatar musu. Hajiya ta raɗa wa ƙanwarta, ƙanwar ta raɗa wa maƙwabciya, kafin wata ya zagayo duk layinmu an sani. Gaisuwa ta canza. Matan da a da suke yi mini ya jiki suna sunkuyar da kai, yanzu ya nauyin jiki suke cewa suna murmushi, suna Allah Ya raba lafiya. A gidan suna aka daina ba ni aikin rabon abinci, aka shimfiɗa mini tabarma a cikin masu goyo, wata ta ɗora mini jaririn a cinya ta ce in fara koyo. Edita, na ji daɗi. Shekara da shekaru a bakin ƙofar wannan ɗakin nake tsayawa, ranar aka ce in shigo. Na san ba gaskiya ba ne, amma na daina musu da ƙarfi.

Duk da haka ban bar hankalina ba. Na je wani ɗakin gwaji a Ƙofar Ƙaura inda ba a san ni ba, aka gwada fitsari, aka ce babu ciki. Na faɗa wa maigidana. Lokacin sabuwar gwamnati ta yi sauye-sauyen ma'aikata, an tura shi wata ƙaramar hukuma can wajen iyaka, sai ƙarshen mako yake zuwa, wani makon ma ba ya samu. Ya ce in ƙyale tsohuwa da farin cikinta, rabon da ya ga tana dariya haka tun rasuwar mahaifinsa; watanni za su wuce ta gane da kanta, ba sai mun karya mata zuciya da bakinmu ba. Na yarda, don shi ne mafi sauƙi. Watannin kuwa suka wuce. Lokacin da ya kamata ciki ya fito bai fito ba, lokacin da ya kamata a haihu ba a haihu ba, na zaci magana ta mutu ke nan.

Wata Asabar da hantsi Hajiya ta shigo da wata tsohuwar ungozoma, wadda ita ta yanke wa maigidana cibi, da rabin mutanen unguwar. Ba mai iya korar wannan mata. Ta kwantar da ni a tabarma, ta shafa man shanu a hannu, ta daɗe tana danna marata tana lumshe ido. Ta ce ciki kam akwai, ga shi nan ta taɓa shi, amma ya kwanta. Ta ce wani abu ne ya danne shi, ta tambayi me nake haɗiya, Hajiya ta nuna kwalin ƙwayar a kan kabad. Na kawo maganar gwajin, tsohuwar ta dube ni da tausayi, ta ce kwantaccen ciki ba ya fita a fitsari, da yana fita ai ba a ce ya kwanta ba. Ta lissafo mini mutanen da na sani, magidanta da iyalinsu, waɗanda ta ce sun yi shekara biyu ko uku a cikin iyayensu kafin su tashi. Ta ce ko malamai sun san da shi a littattafansu. Wannan zance na sha jin sa, na sha yi masa dariya. Amma ranar, ina kwance ina kallon rufin ɗaki, sai maganar likita ta faɗo mini, cewa ƙwayar tana yi wa ɗan tayi lahani. Ga likita ya ce tana cutar da ciki, ga ungozoma ta ce ita ta danne ciki. Mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba sun faɗi abin da a kunnena ya zama magana ɗaya. Sauran abin da likitan ya ce, wato in zo nan take, ban ba shi wuri ba, domin na san abin da zan ji idan na je.

Hajiya ba ta ƙwace ƙwayar ba, ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi haka da na samu abin yaƙa. Bayan la'asar ta shigo ɗakina, abin da ba ta yi sai da lalura, ta zauna a ƙasa ni ina bakin gado, na sauko da sauri, ta riƙe hannuna. Ta ce ba ta taɓa roƙona komai ba, yau tana roƙona don Allah in ɗan ajiye maganin ƙarin ƙarfin nan, na ɗan lokaci kawai, a ga ikon Allah. Ta ce sanyin ƙashi bai taɓa kashe kowa ba, za ta riƙa gasa mini bayan da kanta. Ta ce ta binne 'ya'ya da yawa, tana son ta ɗauki ɗan ɗanta ko sau ɗaya kafin a binne ta. Sunan ciwon kawai zan kira magana ta ƙare, kuma yana bakina, ban kira ba. Ina tsoron hawan jininta, ina tsoron saɓa wa mijina, wannan duk gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar, na gaji. Na gaji da gumi, na gaji da tashin zuciya, na gaji da zama mai nono ɗaya da ake lallaɓawa, na gaji da hanyar Zariya. An ajiye mini labari biyu, a ɗaya ina mutuwa a hankali, a ɗayan ina ɗauke da ɗa. Washegari ban sha ba.

Na tura kwalin can ƙasan akwati. Ranar komawa asibiti ta zo, na ce wa maigidana an ɗaga. A makonnin farko kamar an sauke mini kaya: zafin ya ragu, barci ya dawo, na ci tuwo da miyar kuka da daddawarta. Jini ya ɗan ɓullo, na firgita, ungozoma ta ce zubar jini a kan ciki ne, shi ke sa ciki ya ƙara kwanciya, aka kawo saiwa da rubutu na tsayar da shi. Ya zo, ya tafi, ya sake zuwa, kowane zuwa da bayaninsa. Sai kuma ciki ya fara tasowa. Ba ƙiba ba, ciki sosai, mai tauri, a gaba. Hajiya ta yi sujada a tsakar gida, aka soya waina aka raba sadaka. Ta sa aka kawo itacen wankan jego a amalanke, aka jibge shi a jikin katanga har ya kusa tsawon mutum. Maigidana ya dawo ya tarar da itacen, ya shigo ya dube ni, ya ɗora hannu a kan cikin. Mutumin da ya san komai, sai na ga idonsa ya cika. Ya tambayi ƙwayar fa, na ce na je Zariya da yayata a tsakiyar mako, likita ya canza mini wata da ba ta taɓa ciki. Bai bincika ba, shi ma so yake ya yarda. Ciwon baya ya dawo, aka ce wace mai ciki ce bayanta ba ya ciwo. Hannuwana suka rame, ƙasusuwan wuya suka fito, aka ce yaron ne ke shanye ni, alamar namiji ce. Kuma wallahi, Edita, na ji motsi. Har yau ban san me na ji ba, amma na ji, na kuma yi masa magana.

A aji abin ya ƙare. Ina rubutu a allo alli ya faɗi, na sunkuya in ɗauka, na ji wani abu ya soke ni a ƙugu, ƙafar dama ta ƙi ɗaukata, na zube a gaban yara. Malamai mata suka ɗauke ni suna salati, suna cewa naƙuda ce. A asibitin gari wata likita ta duba idona, ta ga tabon ƙirjina, ta ce a wuce da ni Zariya. Aka aika wa maigidana, ya same mu can. Aka shafa mini wani abu mai sanyi a ciki ana yin hoto, ina ta leƙen na'urar ina neman kai ko hannu. Likitana ya juyo da ita wajena don in gani da kyau. Ya nuna mini mahaifa, ƙarama, babu kowa a ciki. Ya nuna baƙin da ya cika ko'ina, ya ce ruwa ne. Ya nuna hanta da tabo-tabo a jikinta, ya ce ciwon ya isa can, shi ke tara ruwan. Bai ɗaga murya ba, ya tambaye ni yaushe rabona da ƙwayar. Na faɗa. Maigidana na tsaye a gefen gado, a nan ya ji cewa ba wani canjin magani, ba wata zuwa Zariya da yayata. Ya fita ya daɗe. Da yamma aka soka mini roba a gefen ciki, ruwa mai launin ɗorawa ya riƙa gangarowa cikin jaka, ana cirewa ana sa wata. Ina kwance ina kallon cikin yana sauka.

Likita ya ce yanzu ba za a dogara da tsohuwar ƙwayar ba. Za a sake ƙarin ruwa saboda hantar, a yi aiki a cire wuraren nan biyu da ke gefen mahaifa inda ƙwan haihuwa ke fitowa, domin su ke yin sinadarin da ke ciyar da ciwon, sannan a ɗora ni a kan wata ƙwayar dabam. Ya ce mu gane ma'anar, bayan wannan babu maganar haihuwa har abada. Maigidana ya sa hannu bai tsaya dubana ba, ya ce matarsa yake so a raye. Na tambayi likitan ko da ban daina sha ba ciwon zai kai hanta. Ya ce ba mai iya rantsewa, wataƙila wata rana zai kai, amma ƙwayar tana riƙe da shi lokacin da na saki.

Hajiya ta zo dubiya da kwanon kunu, tana zaton ɓari na yi. Na ce wa maigidana ni zan faɗa mata. Na kira ciwon da sunansa, na ce mata tun wancan hoton ƙashin ya bazu, kuma ƙwayar da ta roƙe ni in ajiye ita ce ke tsare shi. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a zaune ba sai ranar. Ba ta yi kuka ba. Ta ce da mun faɗa mata, da ita za ta riƙa sa mini ƙwayar a baki da hannunta, ko da jikoki goma ne a cikin. Ta juya wajen ɗanta, ta tambaye shi me ta yi masa da zai bar ta ta roƙi ɗiyarta ta kashe kanta. Hawan jinin da muke tsoro bai kayar da ita ba, amma ta yi watanni tana amsa gaisuwarsa da baki kawai. Da aka sallame ni muka koma gida, na tarar babu ko tsinke a jikin katanga. Ta rabar da itacen tun kafin mu iso, ta sa an share wurin.

An sake zaɓe, an sake rantsar da gwamnati, ni duk a kwance na ji su a rediyo. Sabuwar ƙwayar ita ma da nata halin, gaɓoɓi take kamawa. Da safe yatsuna ba sa lanƙwasuwa sai na tsoma su a ruwan ɗumi, gwiwoyi suna ƙara, salla a zaune nake yi. Zafin nan ya dawo fiye da da. Na ajiye aiki, ina tafiya da sanda, ni da Hajiya mun zama tsofaffi biyu a gida ɗaya, ita ma ta fi ni sauri. Ruwan bai sake taruwa ba zuwa yanzu, alhamdulillahi, likita ya ce hantar ta tsaya. Ban san har yaushe ba, shi ma bai sani ba. Akwai safiyar da nake riƙe ƙwayar a tafin hannu in daɗe ina kallon ta kafin in haɗiye, amma ina haɗiyewa. Abin da ban san inda zan kai shi ba shi ne kewa. Wadda ta yi ɓari ana yi mata jaje, wadda ɗanta ya rasu ana zuwa mata ta'aziyya. Ni ina kewar yaron da ba a taɓa halittarsa ba, har suna na zaɓar masa, kuma babu gaisuwar da aka tanada don wannan. Wasu matan unguwa har yau cewa suke yi a asibiti aka cire shi. Na daina yi musu bayani.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Karatu ba ya tsare mutum daga abin da ransa ke mutuwar so. Kuma ɓoye wa mutanen gida ciwo don tausayinsu ba tausayi ba ne, an bar su ne suna ta ƙoƙarin taimako a cikin duhu, da duk ƙarfinsu. 'Yan'uwana mata da aka ɗora a kan irin wannan magani, ɗaukewar al'ada da ƙiba da tashin zuciya da zafi duk aikinsa ne. Idan kin yi zargin ciki, yana iya yiwuwa, amma likitanki ne zai duba ya faɗa, a ranar, ba bayan watanni ba. Idan wahalar ƙwayar ta ishe ki, ki je ki ce masa ta ishe ki, akwai abin da zai iya ragewa ko canzawa. Kada ki ajiye ta ke kaɗai a ɗaki. Ku kuma maza, ku daina yanke wa iyayenku abin da za su iya ɗauka, sun ɗauki abin da ya fi wannan tun ba a haife ku ba.

Kwanakin baya ina zaune a bencin asibiti muna jiran layi, wata matashiyar mace ta zauna kusa da ni, da irin kwalin da na fara sha a cikin leda. Hira ta yi hira, ta matso ta raɗa mini, fuskarta na annuri, cewa watanni ke nan ba ta ga al'ada ba, kuma innarta ta ce alama ce. Ta ce ba za ta faɗa wa likita ba, za ta karɓi maganin kawai ta ajiye sai abin ya yi ƙwari. Na dafa sanda na miƙe, na kama wuyan hannunta, na ja ta muka tsallake layi, mutane na ta surutu. Ta fizge, ban saki ba. Ban san yatsun nan suna da sauran ƙarfi ba. Na tura ƙofar likita, na faɗa masa abin da ta ce a gabanta. Aka yi mata hoto, babu komai. Ta fito tana kuka, ta ce Allah Ya isa tsakaninta da ni, amana ta ba ni na tona. Na ce na ji, na ɗauka. Tun daga nan mun sha haɗuwa a bencin. Ba ta gaishe ni, kawar da kai take yi ta zauna can nesa. Amma tana zuwa da ƙafarta, kuma kwalin da take miƙa wa mai ba da magani babu ko ƙwaya ɗaya a cikinsa.